Murhun Innarku da Ɗaliban Holan

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi da ya ara mini kwanaki har na ajiye alli na dawo gida na zauna. Ya ku 'ya'yana, akwai maganar da ta daɗe tana yawo a tsakaninku, har ta fara isa kunnen jikoki, wai abin da ya raba ni da yayana Alhaji Sule na tsawon shekara guda da 'yan watanni rigimar gonar fadama ce. Ba haka ba ne. Ni da Yaya ba mu taɓa ɗaga wa juna murya a kan ƙasa ba, iyakar da Baba ya shata mana tana nan inda take. Abin da ya shiga tsakaninmu murhu ne. E, murhun girki. Ku yi dariyarku ku gama, sannan ku saurara, domin a cikin labarin nan laifina ya fi na kowa, kuma na fi son ku ji shi daga bakina.

Shekara biyu kafin in yi ritaya daga kwalejin da na koyar da zane da ƙere-ƙere, tarin Innarku, Hajiya Binta, ya canja murya. Da can tari ne irin na kowace mace mai girki, a yi sau biyu a sha ruwa a wuce. Sai ya koma irin wanda ke durƙusar da mutum, ta dafa bango tana neman numfashi, idanunta jajur suna zubar da ruwa. Na kai ta asibiti a Kano. Likitan ya saurari ƙirjinta, ya haska idanun, ya tambaye ta ko tana shan taba. Innarku ta yi masa kallon nan da kuka sani, har sai da ya ba ta haƙuri. Sannan ya juyo gare ni ya ce hayaƙin girki ne ya ci ƙirjin, yana kuma cin idon hagu, in ba a raba ta da shi ba, magani ɓata lokaci ne kawai. Na ce to, kamar abu mai sauƙi. Amma kun san gidanmu a lokacin. Mu da iyalin Yaya tukunyarmu ɗaya, baki goma sha biyar, ku matan duk kun yi aure, matar Yaya kuma ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Na sayo tukunyar gas, ta yi kwana tara ta ƙare, ga shi sai an ɗauke ta har Dawanau kafin a ciko. Innarku ma ba ta taɓa yarda da ita ba, ta ce ba za ta zauna gida ɗaya da abin da ke huci ba. Ta koma kan duwatsunta uku.

Ana cikin haka aka kira ni ofis aka ce wata makarantar koyon zane a ƙasar Holan tana neman ajin da za su yi aiki tare ta intanet, ba wanda zai je wurin wani. Ɗalibansu goma, namu goma, a haɗa su biyu-biyu, su zaɓi wani abin da ake amfani da shi kullum a gida su sake masa fasali. Abokan aikina suka noƙe, kowa na tsoron kada Turancinsa ya kunyata shi. Ni da na kusa barin aiki ban ga abin da zan rasa ba, na karɓa. Malamarsu wata doguwar mace ce mai furfura, sunanta Anika, ɗalibaina suka liƙa mata Malama tun ranar farko. Kowace Talata da hantsi mukan tayar da janareta, mu haska su a bango da majigi. Akwai kuma wani allo a cikin kwamfuta da kowa ke iya zane a kansa, ka ja layi a nan ya fito a can. Ranar da na fara ganin layin da na ja yana motsi shi kaɗai, wai wani ne a Holan yake gyara shi, sai da na yi salati a fili. Da aka zo zaɓen abin da za a yi, na ce murhu. Na ce matanmu na shan wahalar hayaƙi. Ban ce musu matata ce ba.

Mutanen nan ba su san kara ba. Ba ina kwana, ba ina gajiya, fuska na bayyana sai aiki. Wani ɗalibinsu mai jan gemu, Piter, ya dubi zanen da ɗaya daga cikin nawa ya kwana biyu yana yi, ya ce wannan ba zai yi ba, ga dalili na ɗaya, na biyu, na uku. Ɗalibin nawa ya yi mako guda bai leƙo aji ba. Mu kuwa duk abin da suka nuna sai mu ce ya yi kyau, madalla, ko da a zuci muna ganin shirme ne, saboda ni da kaina na ja wa ɗalibaina kunne cewa waɗannan baƙinmu ne, ba a kushe wa baƙo aikin hannunsa. Malama Anika ba yarinya ba ce, ta lura.

“Malam Haladu,” in ji ta, “ɗalibanka ba su taɓa ce mana a'a ba. Ko dai mu gwanaye ne ƙwarai, ko kuma ba kwa gaya mana gaskiya.”

Na yi dariya na ce gwanaye ne. Ba ta yi dariyar ba. Ta ce abin da suke buƙata yanzu shi ne su ga mai girkin tana girki, a madafarta, da tukunyarta, minti ashirin ya isa.

“Wannan zai yi wuya,” na ce mata. “Amma ba damuwa. Duk abin da kuke son sani ku tambaye ni. Shekara sittin ina cin tuwo.”

Ku riƙe wannan maganar, don a nan na rusa komai. Shekara sittin ina cin tuwo gaskiya ne, amma rabona da tsayawa a madafa tun ina riƙe da bakin zanen mahaifiyata. Tuwo a zaure yake samuna, a cikin akushi, a rufe da faifai. Yadda aka yi gari ya zama tuwo ban taɓa tambaya ba. Ba zan iya ce wa Baturiya ban sani ba a gaban ɗalibaina, haka kuma ba zan iya shigar da idon maza baƙi cikin gida ba. Sai na gyara zama na yi ta zuba amsa. Da me ake hura wuta? Itace. Yaya ake yin tuwon? A tafasa ruwa, a zuba gari, a juya. Mace za ta so ta yi girki a tsaye? Na tuna kicin ɗin gidajen manyan ma'aikata a Kano, na ce ƙwarai kuwa, ai ci gaba ke nan. A ajina akwai Rabi, matar aure daga Tofa mai 'ya'ya huɗu, wadda ta dawo karatu bayan ta girma. Duk amsar da na bayar sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Na ɗauka kunyar Turawa take ji.

Wata huɗu ana zane. In zan faɗi gaskiya, yaran nan na can da na nan sun yi aiki da zuciya ɗaya. Sun auna yadda iska ke shiga, sun lissafa yadda wuta za ta ci itace kaɗan ta ba da zafi mai yawa, nawa suka koyi abubuwan da ni ban iya koya musu ba. Muka kai wa wani mai walda a Bici ya ƙera. Abu ya fito gwanin sha'awa, dogo har ƙugun mutum, ƙafafu uku sirara, ga 'yar ƙofar sa itace, an shafe shi da shuɗin fenti. Na ɗauko shi a akori-kura na kawo gida ina ji da kaina. Innarku ta zagaya shi sau biyu, hannunta a baya.

“Malam, wannan na dafa shayi ne?”

“Na tuwo ne. Turawa da ɗalibaina suka zana.”

“To, Allah ya saka musu da alheri. Ta ina zan sa kara?”

A ƙasar nan tamu da gona ke manne da gona, ina itacen yake? Itace na ranar suna ne da biki. Kara ake ƙonawa, da totuwar masara, kuma kara dogo ne, ana tura shi ne kaɗan-kaɗan yana ci. Ni da na yi shekaru ina ganin ana tara karan dawa a bayan gida ban taɓa tambayar inda yake tafiya ba. Don kada in ji kunya na nemo itace na faskara da kaina, abin da ya sa maƙwabta leƙe. Wuta ta kama, ruwa ya tafasa nan da nan, hayaƙi ɗan kaɗan. Na fara hura hanci. Ta yi talge, ta bar shi ya dahu, ta zuba gari, ta sa muciya. Ja na farko tukunya ta juya. Ja na biyu murhun ya ɗaga ƙafa ɗaya. Na uku gaba ɗaya suka tafi ƙasa, tuwo mai zafi ya watsu, wani ya faɗa mata a bayan ƙafa. Tabon yana nan har yau, wanda kuka ɗauka na ruwan zafi ne. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na fi jin sauƙi. Tana shafa man kaɗanya a wurin ta ce, “Malam, tuwo ba juya shi ake yi ba. Kokawa ake yi da shi.” Ranar fura gidan ya sha. A zaure Yaya ya ajiye ludayi ya ce lallai tuwon Turawa ba ya nauyi a ciki.

Da a ce a nan na tsaya, da kuskure ne irin na kowa. Amma Talatar da ta biyo baya, da fuskokin nan suka cika bango suna jiran labari, bakina ya kasa. Na ga yadda suke murmushi, na tuna wata huɗun da suka yi, na ce murhu yana aiki, sai 'yan gyare-gyare. Suka tafa. Muka ƙara wata uku ana gyaran mariƙi da launi na abin da ke jingine a bayan rumbuna kaji na kwana a kai. Ni kuma ina ta gaya wa kaina zan gano gyaran ni kaɗai a ɓoye. Kafin in gano, ruwa ya sauka. Girki ya koma cikin ɗaki, kara ya jiƙe, hayaƙi ya ninka. Wata safiya Innarku ta faɗi a ƙofar madafa da marar kwasar tuwo a hannunta. Kwana shida ta yi a asibiti da robar iska a hanci.

Rabi ta zo dubiya a rana ta huɗu. Da ta fito na raka ta zuwa bakin baranda, sai ta tsaya ta rusuna.

“Malam, ka yafe mini, zan yi rashin kunya.”

“Faɗi, Rabi.”

“Tun ranar da ka ce ana juya tuwo a tsaye na san murhun nan ba zai yi ba. Duk matan ajin mun sani. Ka ce kada mu kushe wa baƙi, kai kuma malaminmu ne, ba ma iya ƙaryata ka a gabansu. Na yi shiru, ga inda shirun ya kawo Hajiya. Ni ma ina da alhaki.”

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Mata huɗu a ajina, kowacce ta tuƙa tuwo ya fi a ƙirga, amsar tana zaune a gabana wata bakwai, ni na rufe mata baki da sunan ladabi. Na ce wa Rabi ba ta da alhakin komai, nawa ne gaba ɗaya. Ranar Talata na tsaya a gaban ajin biyu, na nan da na bango, na faɗi komai: murhu ya kife tun ranar farko, amsoshin da na bayar na ƙirƙira ne, ban san girki ba, kuma matar da ake zana wa murhun matata ce, jiya aka sallamo ta daga asibiti. Malama Anika ta cire tabarau ta ajiye.

“Matarka ce? Tun farko?”

“Tun farko.”

“Me ya sa ba ka faɗa ba?”

Ba ni da Turancin da zai amsa wannan, Hausar ma ban tabbata ina da ita ba. Ta mayar da tabaraunta, sannan ta ce saura mako uku zangonsu ya ƙare, kuma ba za ta bari a sake jan layi ko ɗaya ba sai sun ga hannun matar a kan tukunya. Ba ta tausasa ba, ba ta kuma wulaƙanta ni ba. A ranar na fara fahimtar cewa rashin karar mutanen nan ba rashin mutunci ba ne.

Saura Yaya. Shi ne babban gida tun rasuwar Baba, manomi ne kuma malamin allo, mutum ne da ban taɓa tsallake maganarsa ba. Na same shi a zaure bayan la'asar na yi masa bayani.

“Maza nawa ne a cikinsu?”

“Shida, Yaya. Amma suna can ƙasarsu, a waya ne kawai.”

“A waya ko ta kan katanga, duk kallo ne. Gidan nan tun zamanin Baba namiji baƙo bai taɓa wuce zaure ba. Kuma hoto in ya fita, Haladu, kai za ka bi shi ka dawo da shi?”

“Ƙirjinta ne, Yaya. Likita ya ce…”

“Allah ke ba da lafiya. Ka nemi wata hanya.”

Kada ku ga baiken Yaya. Abin da ya faɗa a kan hoto gaskiya ne, kuma ba ƙin Innarku yake ba, shi ya sayar da ragonsa ranar da aka kwantar da ita ba tare da na roƙa ba. Gida yake karewa yadda ya gada. Na shiga ciki na zayyana wa Innarku komai, tun daga roƙon Malama Anika na farko da na ƙi, har zuwa maganar Yaya. Tana jingine da filo tana saurare.

“Kai ka ce a'a da farko, Yaya ya ce a'a yanzu,” in ji ta. “Madafar ta wane ne a cikinku?”

Ta gyara filon ta ci gaba.

“Zan sa hijabina. Ka nuna musu tukunya da hannuna, ai ba da fuska ake tuƙi ba. Rabi ta zo ta yi mana tafinta. In Yaya ya yi fushi, kai ne ƙaninsa, ka san yadda za ka yi da shi.”

Ban san yadda zan yi da shi ba. Na dai koma na durƙusa na gaya masa zan yi, na kuma gaya masa sharuɗɗan da ta gindaya. Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya fita. Da yamma aka kawo tuwo zaure, sai aka ce Alhaji ya ce a kai masa nasa ɗakinsa. Tun muna yara akushinmu ɗaya da shi. Na zauna ni kaɗai a gaban abincin mutum biyu, na kasa cin ko na mutum ɗaya.

Ranar Talata da hantsi na shiga madafar gidana riƙe da waya. Na so a yi a tsakar gida saboda ƙirjinta, ta ƙi, ta ce in ana son su ga gaskiya to su gan ta a inda take. Ta zauna a kan 'yar kujerarta, tana tura kara da ƙafar dama ba tare da ta ko duba ba. Da aka zo tuƙi ta tokare dutsen murhu da ƙafar hagu, ta kama muciya hannu biyu, ta jawo tuwon ta danne shi a jikin tukunya da dukkan nauyinta, ta sake jawowa, tukunyar na ƙara tana neman gudu duwatsun na riƙe da ita. Ni kuwa ko minti biyar ban yi ba hayaƙi ya shaƙe ni, hawaye da majina, waya na rawa a hannuna. Matar da aka sallamo daga asibiti makon jiya ita ce ke ce mini, “Riƙe da kyau mana, Malam, sai rufi kake nuna musu.” Shekara talatin da biyar tana shiga ɗakin nan sau biyu a rana, ni kuma ina zaure ina cewa tuwo ya yi jinkiri.

Mutanen Holan suka zuba wa tukunyar ido. Can Piter ya tambaya ta bakin Rabi ko ƙarfin da ake sawa ya kai nawa. Innarku ta ce, “Ki ce masa ya gwada ya ji.” Ai kuwa mako na gaba suka sayo garin masara da babbar tukunya, suka kunna wuta a ɗakin aikinsu, muna kallo daga tsakar gida. Piter ya tsaya a kan tukunya da wani ludayin katako yana zufa. Innarku ta ce, “Rabi, ki ce wa mai jan gemun nan ya zauna. Tsayuwar me yake yi kamar mai jiran mota?” Kafin a gama fassarawa tukunyarsu ta yi ƙasa. Ta yi dariya har sai da tarin ya taso. Daga ranar aikin ya canja. Tambayoyi suka koma wurinta: tsawon kara, yawan toka, inda take ajiye muciya, wace ƙafa ce ke fara gajiya. Matan ajina suka buɗe baki. Na ji da kunnena Rabi na ce wa Piter zanensa ba zai yi ba, ta jero masa dalilai, shi kuma yana ta godiya yana rubutawa.

Rawar da hannuna ya yi a hayaƙin nan ma ba ta tafi a banza ba. Lokacin da na fito ina share ido, wayar ta kalli saman soro, wata ɗalibarsu ta tambayi menene wancan bututun ƙasa da ya leƙo daga rufi. Rabi ta ce indararo ne, ta nan ruwan sama ke zuba. Wa ke yi? Masu ginin tukwane a Dawaki. Yarinyar ta ce abin da ke fitar da ruwa ai zai iya fitar da hayaƙi, a jera su a tsaye kawai. Mu da muka tashi a ƙarƙashin indararo ba wanda ya taɓa kawo wannan a ransa.

Zangonsu ya ƙare aikin bai ƙare ba. Malama Anika da Piter da wasu biyu suka ci gaba da fitowa kowace Talata a cikin hutunsu, ba maki, ba lada sai ta Allah. Muka ɗauko Iya Gambo, wata tsohuwar maginiya daga Dawaki, wadda ta dubi zanen a waya ta ce takarda ba ta san halin yumɓu ba, ta ƙara kaurin bango yadda ta ga dama, kuma ita ce da gaskiya. Sabon murhun gajere ne, na yumɓu da ƙaiƙayi, manne da ƙasa. Tukunya na nutsewa a ciki har rabinta, ba inda za ta juya. Akwai dogon kwari na tura kara, akwai wurin tokare ƙafa da aka auna da sawun Innarku a kan takarda, ga indararo biyar a jere sun huda rufi. Murhun farko da muka gina ya tsage. Na biyu yakan dawo da hayaƙi in iska ta taso daga gabas. Na uku, ana dab da girbin gero, na tsaya a tsakar gida na ga hayaƙi yana fita ta sama siriri, ƙofar madafa tas, ina jiyo ƙarar muciya ba tari. Na zagaya bayan rumbu na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa muku.

Yaya bai dawo zaure ba sai bayan wani girbin. Wata yamma na fito na tarar da akushi ɗaya, yana zaune yana wanke hannu. Ya ce, “Bismilla.” Na zauna muka ci. Bai ce na yi daidai ba, ban ce ya yi kuskure ba, ba mu kuma taɓa tayar da maganar ba har Allah ya karɓi abinsa. Wannan shekarar da na yi ba na cin abinci da ɗan'uwana ta yi mini ciwo, tana kuma yi mini har yanzu. Don haka kada in ji ɗayanku ya riƙe 'ya'yan Yaya a rai saboda wata gonar fadama. Ku riƙa sa shi a addu'a. Ku sa da Rabi, wadda yanzu ita da 'ya'yan Iya Gambo ke gina irin murhun nan a ƙauyukan Tofa. Malama Anika kuwa ban taɓa ganinta ido da ido ba, ban san ƙofar gidanta ba, amma ina binta da fatan alheri kullum. Har yau takan kira, kuma ta koyi fara magana da tambayar mutanen gida.

Bayan wata shida da sabon murhu muka koma asibiti. Likitan ya saurari ƙirjin ya gyaɗa kai, ya ce ya lafa, ya rage mata magani. Da ya haska idon hagu sai ya daɗe. Ya ce wannan kam ya riga ya tafi, da an raba shi da hayaƙi kafin damina wataƙila da an ceci wani abu. Innarku ta ce alhamdu lillahi da ɗayan. A mota muna dawowa na kasa kallonta. Sai da muka bar kwalta muka hau hanyar ƙauye sannan na iya magana.

“Hajiya, wata bakwai na ɓata miki. Idon nan a wuyana yake. Ki yafe mini.”

Ta daɗe tana kallon gonaki ta taga, sai da ta juyo da dukkan fuskarta kafin ta gan ni, don ina zaune ne a hagunta.

“Shekara talatin da biyar ina cikin hayaƙin nan, Malam, ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake yi. Ƙarshe ma ba kai ka tambaya ba, Baturiya ce.” Ta gyara mayafinta. “Amma kai ka riƙe wayar, kuma na san abin da ka rasa kafin ka riƙe ta. Na yafe. Gobe in za mu zauna, ka riƙa zama ta damana.”

Tun daga ranar a damanta nake zama.